Yadda Manyan Rukunin Kantuna Suke Mutuwa Tun a Takarda

A ƙananan biranen Amurka akwai labarin da ya daɗe yana maimaita kansa. Wani kamfani ya sayi gona a bakin babbar hanya, ya kafa allo da zanen katafaren rukunin kantuna, magajin gari ya yi jawabi, jaridar garin ta lissafa ayyukan da za a samu. Shekaru su shuɗe, allon ya koɗe, ciyawa ta cinye filin. Mutanen gari su ɗora laifi a kan magajin gari ko a kan waɗanda suka ƙi aikin, amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Asalin abin yana 1956, shekarar da aka buɗe Southdale a garin Edina na jihar Minnesota. Victor Gruen, ɗan ƙasar Ostiriya da ya tsere wa 'yan Nazi a 1938, shi ya zana shi: gini guda mai rufi da na'urar sanyaya iska, manyan kantuna biyu, Dayton's da Donaldson's, sai ƙananan shaguna a jere tsakaninsu. Lokaci ya yi masa daidai. Dokar harajin 1954 ta sauƙaƙa wa masu sabbin gine-gine, a 1956 kuma gwamnatin tarayya ta amince da shimfiɗa manyan hanyoyi tsakanin jihohi. Nan da nan kowane gari ya so nasa.

Sai dai tsarin da Southdale ya bari yana da ƙulli, kuma a nan maganar take. Babban kanti shi ke jawo masu saye, don haka hayarsa kaɗan ce, wani lokaci ma kyautar fili ake ba shi. Ƙananan shaguna su ke biyan haya mai tsoka, kuma ba sa sa hannu sai sun ga sunan babban kanti. Banki ma ba ya sakin bashi sai ya ga wannan sunan. Ke nan a wancan zamani makomar aikin tana hannun 'yan kamfanoni ƙalilan irin su Sears da JCPenney, waɗanda ke zaune a wani birni mai nisa suna lissafin yawan gidaje da abin da kowane gida ke samu. Ƙaramin birni ba ya iya ɗaukar irin wannan gini biyu, wani ma ko ɗaya bai kai ba. In kamfanoni biyu suka yi takara a yanki guda, wanda ya riga samun sa hannu ya ci, na biyun ya tashi da fili da zane. Tun 1962 kuma Walmart, da ya fara a Rogers ta jihar Arkansas, ya rungumi ƙananan garuruwa da kaya masu araha, ya rage kasuwar da ake lissafi a kanta.

Akwai inda jama'a da doka suka taka birki. Kamfanin Pyramid ya nemi gina rukunin kantuna a Williston, kusa da Burlington ta jihar Vermont, birnin da mutanensa ba su kai 40,000 ba a lokacin. 'Yan kasuwar cikin garin Burlington suka ga mutuwarsu a fili, kuma a 1978 hukuma ta hana izini a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta jihar. Burlington ta gyara titin Church ya zama kasuwar masu tafiya a ƙasa a 1981. A ganina sun yi daidai, domin kuɗin da za a kashe a sabon ginin shi ne dai wanda ake kashewa a tsohuwar kasuwa. A 1986 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta hana kamfanin Pyramid cike wata fadama a Attleboro, jihar Massachusetts.

Daga baya manyan kantunan da kansu suka yi ta raguwa. A 2005 kamfanin Federated ya sayi kamfanin May, sunayen kantuna da yawa suka koma Macy's. Sears ya shiga kotun fatara a 2018, JCPenney a 2020, ga cinikin intanet yana ta ƙaruwa. Bashi ma ya yi tasa ɓarnar. A Elk Grove ta jihar Kalifoniya, kamfanin General Growth ya kafa ƙarafa ya ɗaga bango, aikin ya tsaya a 2008, kamfanin ya shiga kotun fatara a 2009, kangon ya zauna har aka rushe shi a 2019.

Wannan tsari ne aka kawo mana. Mutanen Kano sun ga buɗe Ado Bayero Mall a 2014 da Shoprite a matsayin babban kanti, sun kuma ga ficewar Shoprite a farkon 2024. Don haka duk ranar da aka zo garinku da zane mai ƙyalli ana neman filin gwamnati, ku nemi a faɗa muku babban kantin da ya sa hannu da bankin da ya amince, a kuma rubuta cewa filin zai dawo wa jama'a in ba a yi ginin ba.