Waƙa a Bakin Aiki Take Tsirowa

Makiyayi a bayan garke da ɗan kasuwa a layin duwan, yau tarihin waƙa za mu taɓa. Tambayar ita ce, daga ina waƙa take zuwa wa mai ita?

Tun kafin a san rediyo, a bakin aiki ake samunta. Mace ta durƙusa gaban dutsen niƙa, hannu na kai da kawowa, sai baki ya bi sawun hannun. A nan take amayar da abin da ke cin ranta game da kishiya ko uwar miji, ba mai ce mata ta yi rashin kunya, ai waƙa ce. Haka waƙar daɓe, mata su taru suna bugun ƙasan sabon ɗaki, sautin madaɓi ne gangarsu. Gayya kuma da makaɗanta, masu zuga manoma su kai ƙarshen kunya.

Manyan mawaƙan ma daga nan suka sha. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, tallan goro ya yi yana saurayi, yana waƙa a kasuwanni da dandali. Bai zauna yana rubuta baiti ba; abin da ido ya gani shi baki ke faɗa, nan take. Ko da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, sai da ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Ya rasu a 1999, Allah ya ji ƙansa.

Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya duba tasha ya ga yaron da ke ɗora kaya, ya kwana ƙarƙashin mota, ba mai kula shi. Ya yi masa waƙar Karen Mota, aka san da zamansa. Barmani Choge ta Funtuwa kuwa, ƙwaryar da mata ke aikin gida da ita ta kifa ta kaɗa, tana kiran mata su kama sana'a. Ta rasu a 2013, Ɗan Maraya ya bi ta a 2015.

To, ga abin dubawa. Injin niƙa ya shigo, dutse ya koma bayan ɗaki. Siminti ya kori daɓe. Da aikin ya tafi, waƙoƙinsa suka bi shi, sai ɗan abin da ya rage a bakin tsofaffi.

Kai da ke kora shanu zuwa mashaya kana kirarin bijiminka, kai da ke kan hanya tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, abin da kake rerawa ƙasa-ƙasa ɗin nan, irinsa ne su Shata suka fara da shi. Wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya. In ka koma gida, ka zauna da kakarka ta rera maka ta niƙa, ka ɗauka tun tana nan.