Babur a Yashi: Ƙugu Ke Tuƙi

Kafin baburan Caina su cika gari, mashin a ƙasar Gaya da Ajingi abin malaman makaranta ne da malaman gona da dagatai: Honda, Yamaha, Suzuki, sai Vespa ga mai son ƙawa. Haya ta zo daga baya. Da Jincheng ta shigo da araha, Bajaj Boxer ta biyo ta, sai acaɓa ta zama sana'ar duk saurayin da ya samu mai ba shi balas.

Mu da muka shiga a wannan zamanin ba wanda ya taɓa yi mana zancen motsa jiki. Daga gona muka fito. Wanda ya yi huɗa da garma damina guda, ya ja guga a rijiya, ya yi dakon buhun gero, jikinsa ya riga ya shirya kafin ya taɓa totur. Kuma hanyoyinmu suna buƙatar hakan. Da ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan Ajingi da rani, yashi ne mai haɗiye taya. Sabon shiga yakan danƙe kan mashin da duk ƙarfinsa, gaba ta yi ta rawa, nan da nan damtsensa ya kumbura, yatsunsa su sage, ya kasa matsa birki. Gwani kuwa gwiwoyi yake matse tanki da su, ya ja nauyinsa baya, ya saki hannu kaɗan, ya bar tayar gaba ta nemi hanyarta. Aikin duk na cinya ne da ƙugu, ga buhu biyu a baya, ga fasinja a kai, ranar Juma'a za a kasuwar Wudil.

An ga bambancin a 2013. Bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a watan Janairu, gwamnati ta hana acaɓa a birnin Kano, wasu 'yan acaɓar suka koma A Daidaita Sahu, wasu suka dawo gida da baburansu. Sun fi mu iya kutsawa tsakanin motoci, amma shekarun kwalta sun cinye musu ƙugu. Tafiya ɗaya a yashi, sai ka ji ana "wash, bayana".

Turawa masu tseren babur a kan ƙasa da tuddai, wato motokuros, ta doguwar hanya suka gano cewa tuƙin babur na buƙatar ƙarfin jiki. A Ingila aka fara wasan, a Camberley, a 1924. A shekarun 1960 'yan Suwidin irin su Rolf Tibblin suka yi suna da gudu da horar da jiki ba tare da babur ba. A Amurka kuwa, wajen 2000, Ricky Carmichael ya ɗauki Aldon Baker, ɗan Afirka ta Kudu tsohon ɗan tseren keke, ya ɗora shi kan keke da ɗaga ƙarfe da kula da abinci. A 2002 Carmichael ya lashe dukan zagaye 24 na gasar ƙasar, kowanne minti 30 da kewaye biyu. Kumburin damtsen nan da ke damun sabon ɗan acaɓa, su har tiyata wasunsu ke yi a kansa.

Yaran da ke hawa yanzu a Gaya, da yawansu daga makaranta suka faɗo kan mashin, gona kuwa an bar wa 'yan ƙwadago. Suna wuni zaune a kan sit a inuwar darbejiya suna jiran fasinja, in baya ya ƙage a nemi ƙwaya a kemis. Wannan, a ganina, shi ne mafi munin abin da ya shigo sana'ar. Idan yaro ya zo neman balas a wurina, nakan ce, "Kai ɗan nan, tsuguna ka miƙe sau ashirin in gani." Wanda gwiwarsa ta fara karkarwa, hanyar kwalta kawai nake barinsa ya bi.