Daga Zangon Fatake zuwa Tashar Torotoro: Tarihin Zirga-zirga a Nima, Mamobi da Alajo

A asalin ma'anarta, kalmar zango tana nufin wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, kuma da ita ake auna nisan tafiya, kamar a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja su ne suka kai kalmar ƙasar da ake kira Gana a yau. Bayan Ingilishi sun ci Ashanti a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake da malamai suka gangara kudu, wasunsu har Akara, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara, kuma wadda ta zama hedikwatar mulkin mallaka tun 1877. Zangon farko yana tsakiyar gari, kusa da kasuwa. Da ya cika, Malam Baƙo ya jagoranci kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20.

Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya karɓi fili daga hannun iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga, a arewa da gari, inda dabbobi za su huta kafin a shiga da su kasuwa. Shi kuma ya riƙa yanka wa baƙi filaye. Yaƙin Duniya na Biyu ya cika wurin da mutane: barikokin soja da filin jirgin sama suna kusa, akwai aikin kuku da gadi da wanki a gidajen Turawa, kuma da aka sallami sojoji da dama daga cikinsu suka zauna nan. Mamobi ta tsiro a gefenta, Alajo kuma can yamma, a bakin kogin Odaw da layin dogon da ya tashi daga Akara zuwa Kumasi, wanda aka kammala a 1923.

Abin da ya fi tasiri a tarihin waɗannan unguwanni shi ne Nima ta girma ne a wajen iyakar hukumar gari, ba a shigar da ita ba sai farkon shekarun 1950. Kafin nan babu mai awon fili, babu wanda ya ware hanyar mota ko magudanar ruwa. Kowa ya gina ɗakinsa jikin na maƙwabcinsa, aka bar ɗan abin da mutum zai ratsa da kaya a ka. Sakamakon haka shi ne lunguna, har kalmar ta shiga bakin sauran mutanen Akara, suna cewa lungu-lungu ga duk wata ɓoyayyiyar hanya. Masu tsara birane sun daɗe suna kallon lungun a matsayin aibi, kuma akwai gaskiya a ciki, don motar kashe gobara ko ta asibiti ba ta iya shiga. Sai dai unguwa ce da masallaci da makarantar allo da mai koko da kasuwa duk suna iyakar tafiyar ƙafa, abin da biranen Turai ke kashe dukiya a yau don su dawo da shi.

Fita daga unguwa kuwa, motar haya ce ta ɗauki nauyinta. Hukumar garin Akara ta fara gudanar da bas-bas tun 1927, amma ba su taɓa wadatar da jama'a ba. Giɓin da suka bari shi manyan motoci masu bodin katako suka cike, ana biyan kwabo uku, kuɗin da Gawa ke kira tro, Hausawa kuma taro. Daga nan sunan torotoro ya fito, kuma ya tsira bayan kuɗin ya shuɗe da zuwan sidi a 1965. Yau ƙananan bas ne, direba na tuƙi, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran sunan tasha, ƙungiyar direbobi ta GPRTU kuma ita ke riƙe da yawancin tashoshi. Mota ba ta tashi sai ta cika. Da wannan tsari mafi yawan masu hawa mota a Akara ke zuwa aiki. Wata kalmar da ta cancanci lura ita ce kayayo, jam'inta kayayei: rabinta Hausa ce, wato kaya, rabinta Ga ce, wato mace. Haka ake kiran 'yan matan arewacin Gana masu dako a ka cikin kasuwanni.

Keke ma yana da nasa labarin. A 1994 Margaret Grieco da Jeff Turner da E. A. Kwakye suka wallafa bincike da ya kwatanta Nima da Jamestown, tsohuwar unguwar Gawa ta bakin teku. Suka tarar a Nima hawan keke abu ne da aka saba, iyaye ba sa hana yara, domin mutanen sun taho da al'adar daga arewa, inda gari kamar Tamale ya shahara da kekuna. A Jamestown kuwa ana yi masa kallon haɗari da rashin jin magana. Ashe masu keken suna nan a Akara, hanyar keken ce babu. Babur ɗin haya ya shigo ya ci wannan kasuwa, duk da dokar 2012 da ta haramta ɗaukar fasinja a kansa.

Gwamnatoci sun fi karkata ga manyan tituna. Titin Ring Road ya kewaye Nima ta kudu, babban titin Nima ya tsaga ta biyu bayan an rushe gidaje, titin Kanda ya bi ta gabas. A Nuwamban 2016 aka buɗe gadojin sama na shatale-talen Kwame Nkrumah, a wannan lokaci kuma aka ƙaddamar da bas-bas na Aayalolo tsakanin Amasaman da Tudu, a kan hanyar Nsawam da ke wucewa ta gefen Alajo. An yi nufin su zama masu sauri da layinsu na kansu, amma layin bai samu ba sai a gutsattsarin wurare, suka shiga cunkoso ɗaya da torotoro, har suka tsaya cik na wasu watanni a 2018.

A Alajo, maganar hanya ba ta rabuwa da maganar ruwa. Unguwar tana kwari ne, inda rafin Onyasia ke haɗuwa da Odaw, babban kwalbatin Nima da Mamobi ma a Odaw yake zuba, duka su nufi tafkin Korle ta ƙarƙashin shatale-talen. Idan damina ta kankama, tituna kan yanke, torotoro su daina shiga. Daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta tare mutanen da ke komawa gida, suka fake a wani gidan mai kusa da shatale-talen suna jiran ruwa ya ja. Man da ya malala bisa ruwan ya kama da wuta, mutane kusan 150 suka rasu. Da yawansu masu jiran mota ne.