Zaman jin ra'ayi: abin da ake buƙata daga wanda aka gayyata

Zaman jin ra'ayi, wanda ake kira « groupe de discussion » da Faransanci, hanya ce ta bincike da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ke bi don sanin yadda jama'a ke kallon wata haja ko wani shiri. Akan tara mutum 6 zuwa 10, jagora ya yi musu tambayoyi na awa ɗaya zuwa biyu, sannan a ba su ɗan hasafi. Masanin zamantakewa Robert Merton ne ya aza harsashin hanyar a Amurka cikin shekarun 1940, lokacin da shi da Paul Lazarsfeld ke auna yadda masu sauraro ke karɓar shirye-shiryen rediyo.

Kuɗin da ake biya ladan lokacin mutum ne, ba kuɗin sayen yabo ba. Idan sabulu ake gwadawa, cewa « yana da kyau » ba ta amfanar kowa. Wanda ya ce ba ya kumfa da ruwan rijiya, ko yana saurin narkewa, shi ya ba da abin da za a gyara.

Babban cikas shi ne kunya: matasa kan bi bakin dattawa, wasu su bi mafi rinjaye. Alhali saɓanin ra'ayi ake nema, muddin an faɗe shi cikin ladabi.

Mahalarci na da haƙƙin sanin ko za a naɗi muryarsa, kuma yana iya ƙin amsa wata tambaya. Duk wanda ya nemi kuɗin rajista kafin zaman, a yi hattara da shi, domin alamar damfara ce.