Da Wane Ma'auni Iyayenmu Suka Auna Makaranta? Daga Mafara Zuwa Bakura da Maradun



Duk shekara idan watan Satumba ya kama, akwai shawarar da ake yi a zaurukan Talata Mafara da Bakura da Maradun: ina za a kai yaron nan? Makarantar gwamnati ko ta kuɗi? Ta kwana ko jeka-ka-dawo? Wannan tambaya ta girme mu. Kakanninmu sun yi ta, iyayenmu ma sun yi ta, sai dai kowane zamani da ma'aunin da ya auna makaranta da shi. Idan muka bi waɗannan ma'aunai ɗaya bayan ɗaya, za mu gane wanda ya kamata uba ya riƙe a yau.

Ma'auni na farko shi ne malam. Kafin zuwan Turawa, makaranta zaure ce ko gindin itace, don haka babu ginin da za a duba. Uba yakan tambaya ne: a hannun wa malamin nan ya yi karatu? Yara nawa suka sauke a wurinsa? Yaya halinsa? Idan kuma yaro ya zo gida, sai a ce ya ɗauko allonsa ya biya, nan take a san ko ana karatu ko ana wasa. Ko batun karatun mata ma tsohon zance ne a nan. Wajajen 1786 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shigo ƙasar Zamfara, ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi. A lokacin ne wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soki yadda mata ke halartar majalisinsa, sai ƙanen Shehu, Abdullahi, ya ba shi amsa da cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Wato fiye da shekara 230 ke nan ana tafka wannan muhawara a ƙasarmu.

Ma'auni na biyu tsoro ne. Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila a 1903, kuma a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Sannu a hankali elementare ta bazu a gundumomin Lardin Sakkwato a ƙarƙashin En'e. Ba uba ke zaɓen makaranta ba a wancan zamani, makaranta ce ke zaɓen yaro. A yanka wa hakimi adadin yaran da zai kawo, shi kuma ya yanka wa dagatai. Dattawanmu har yanzu suna ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu ko a tura su gabas karatun allo, da yadda wasu masu hali ke miƙa ɗan baransu a madadin nasu. Abin da iyaye ke aunawa shi ne: yaron zai dawo da addininsa da ladabinsa? Amma waɗanda aka kama ɗin nan, da suka koyi karatu da Hausa, suka karanta irin su Magana Jari Ce, su ne daga baya suka zama malaman makaranta da malaman asibiti da magatakardan En'e. Da yawa daga gidajen da suka ɓoye 'ya'yansu sun yi da-na-sani.

Ma'auni na uku takarda ce. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Azuzuwa suka tashi har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin baƙin allo ba. Sai dai yara sun fi malamai yawa nesa ba kusa ba, aka horar da malamai cikin gaggawa, kuma tun daga nan inganci ya fara ciwo. A daidai wannan lokaci ake gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978. Aikin ya koya wa mutanen yankinmu darasi biyu. Sun ga mai takarda yana samun aikin albashi, marar takarda yana ɗaukar kaya. Sun kuma ga yadda ake ƙidaya gonakin gado a rubuta diyya a takardun da masu gonakin da yawa ba su iya karantawa. Rikicin diyyar nan ne ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilun 1980. Daga nan tambayar uba ta koma: makarantar nan tana fitar da masu cin jarrabawa su sami aiki?

Ma'auni na huɗu shi ne gini da allon suna. An ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ce shekara tara na farko na karatu kyauta ne kuma dole. Garuruwanmu uku kuwa ba su rasa masu faɗa a ji ba. Bakura ta ba da Gwamna Ahmad Sani Yarima daga 1999 zuwa 2007, Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019, Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Shekara ashirin ke nan mulkin jiha ya yi a hannun 'ya'yan wannan yanki. Mafara na da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2018. Bakura na da kwalejin aikin gona da kiwo. Duk da haka, bashin kuɗin jarrabawar WAEC da NECO ya taru a kan jihar har aka riƙe sakamakon ɗalibai, kuma a watan Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Ba muna ɗora wa mutum ɗaya laifi ba ne. Abin lura shi ne sabon fenti da dogon allo a bakin titi ba su taɓa koya wa yaro baƙi ba, mu kuma mun daɗe muna auna makaranta da su.

Ma'auni na biyar shi ne wanda ya fi ciwo. Daren 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. 'Yan mata 279 aka sako ranar 2 ga Maris. A tsakiyar watan Agusta aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba, da rana tsaka, aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Cikin wata bakwai kowace daga ƙananan hukumomin nan uku ta ɗanɗana. Ka lura da kamannin: kakanninmu sun ji tsoron yaro zai dawo da wani hali, mu kuwa muna tsoron ko zai dawo. Uwar da ta ce 'yarta ba za ta sake kwana a makaranta ba, babu mai bakin ce mata ta yi kuskure.

To, uban da ke riƙe da hannun ɗansa a yau, wane ma'auni zai ɗauka? Mu dai muna ganin ya fara da na ƙarshe, ya ƙare da na farko.

Ya fara da hanya: nisan da yaro zai taka, ko yana ratsa daji ko gonaki, ko makarantar na cikin gari ko a bayansa, ko akwai katanga da mai gadi, ko waya na shiga a wurin, da kuma abin da shugaban makaranta ya tanada idan aka ji ƙishin-ƙishin. Sannan ya je da ƙafarsa ba tare da sanarwa ba, gani ya kori ji. Ya zaɓi ranar da ta fi wuya, kamar ranar kasuwa, ko lokacin girbi. Ya ƙirga malaman da ke tsaye a gaban aji, ya kwatanta da sunayen da ke cikin rajista. Ya duba ruwan sha da makewayin 'yan mata, domin rashinsu kaɗai kan sa budurwa ta daina zuwa. Idan sakandare ce, ya tambaya ko ɗaliban bara sun zauna jarrabawa kuma sakamakonsu ya fito. Ya tambaya yaushe kwamitin iyaye da malamai ya yi zamansa na ƙarshe.

Daga nan sai ya yi abin da kakansa ke yi da allo. Ya roƙi a kira masa yaro ɗan aji huɗu, kowane ne, ya miƙa masa shafi ɗaya na Hausa ya karanta, ya ba shi ɗan lissafin canjin kasuwa. Idan yaron ya iya, akwai malami a makarantar nan ko da rufin kwanonta na yoyo. Kuma irin waɗannan malamai suna nan a makarantun gwamnati, suna aiki a kan ɗan albashi, babu mai ambatonsu.

A nan ne namu aikin yake, mu masu son rubutu. Tarihin makarantun yankinmu yawancinsa yana bakin tsofaffi ne, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗayanmu ya zaɓi firamaren garinsu, ya zauna da tsohon hedimasta ko tsohuwar ɗaliba, ya tambayi shekarar da aka buɗe ta, da su wa suka fara shiga, da lokacin da ta fi tashe, da abin da ya durƙusar da ita. Ya rubuta abin da ya gani da abin da aka gaya masa, ya bambanta su, kada ya ƙara gishiri. Uban da zai yanke shawara baɗi zai amfana da wannan rubutu fiye da kowace sanarwar rediyo.

Allah Ya kare mana 'ya'yanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. Amin.