Rikicin LOD da MOD: Lokacin da Samarin Amurka Suka Mayar da Layin Tarho Fagen Dambe

A zaman da muka yi bayan taron wata, hira ta kai mu kan masu kutsen da ke wawushe kuɗin mutane a asusun banki, wani daga cikinmu ya ce ai wannan sana'a da intanet aka haife ta. Na ce a'a, ta girmi intanet ɗin da muka sani, kuma a layin tarho ta yi rarrafe. Na yi alkawarin zan rubuta, ga shi na cika.

Duk wanda ya yi zamanin wayar girke ta NITEL ya san kira ba ya tashi kai tsaye daga gidanka zuwa gidan wanda kake nema. Sai ya bi ta cibiyar haɗa kira. Da farko mutane ne ke zaune suna soka waya a rami don haɗa layi da layi, daga baya injin ƙarfe ya karɓi aikin. A Amurka, inda kamfanin AT&T ke riƙe da kusan komai, waɗannan injina da sauti suke ba juna umarni, kuma sautin a kan hanyar da muryar mutum ke bi yake tafiya. Sauti mai kaɗawa 2600 a daƙiƙa ɗaya yana nufin layin nesa ba kowa a kai. To, idan kai ka busa wannan sauti a bakin wayarka, sai injin ya ɗauka ka ajiye, alhali layin yana hannunka, ka kira inda ka ga dama ba a rubuta maka kuɗi ba.

Wani yaro makaho, Joe Engressia, da fito kawai yake yi. John Draper kuwa ya yi suna ne da usur ɗin wasan yara da ake sakawa kyauta a kwalin abincin safe na Cap'n Crunch, har sunan ya bi shi. Bayan mujallar Esquire ta fallasa lamarin a 1971, Steve Wozniak da Steve Jobs, waɗanda daga baya suka kafa Apple, sun ƙera irin akwatin da ke fitar da waɗannan sautuka suna sayar wa ɗalibai.

Kamfanin ya toshe wannan ƙofa ta hanyoyi biyu. Ya raba hanyar umarni da hanyar murya, ta yadda usur ba zai ƙara isa kunnen inji ba, tsarin da ya girma ya zama abin da ake kira SS7. Sannan ya mayar da cibiyoyin kansu kwamfuta: 4ESS ta fara aiki a Chicago a 1976, 5ESS kuma a 1982. Amma ƙofar da aka buɗe ta fi wadda aka rufe faɗi. Tunda cibiya ta zama kwamfuta, injiniyoyi kan shiga cikinta daga nesa ta layin waya don gyara. Duk yaron da ya samu lambar wannan layi da kalmar sirri, ya zama injiniya. Yana iya karkatar da kiran wani zuwa wata lamba, ya yanke layi, ko ya kasa kunne. Kalmomin sirrin kuwa wasu a kwandon sharar ofisoshin kamfani ake tono su cikin dare, wasu kuma da zaƙin baki, yaro ya kira ma'aikaci ya ce shi ma abokin aiki ne daga wani reshe.

A 1984 wani matashi mai laƙabin Lex Luthor ya kafa ƙungiyar Legion of Doom, wato LOD, sunan da ya aro daga gungun abokan gaban Superman a labarin zane. Su ne manya a fagen, har rubuce-rubucen koyarwa suke fitarwa kan yadda cibiyoyin tarho ke aiki. Cikinsu akwai Chris Goggans na jihar Texas, mai laƙabin Erik Bloodaxe, da Mark Abene na unguwar Queens a birnin New York, wanda aka fi sani da Phiber Optik. Abene bai kai shekara 20 ba, amma masu wannan harka sun yarda da wuya a samu wanda ya fi shi sanin cikin cibiya. Zakaru biyu a akurki ɗaya. Suka saɓa, aka sallami Abene daga ƙungiyar, ya koma wajen abokansa na New York, aka yi Masters of Deception, MOD. Ko sunan ma habaici ne, don harafin M shi ke gaba da L.

Ana cikin haka, ranar 15 ga Janairu 1990, layukan nesa na AT&T suka durƙushe na kusan awa 9, kimanin rabin kiraye-kirayen suka ƙi shiga. Nan take zargi ya koma kan masu kutse. Kwana 9 bayan haka jami'an Secret Service suka dira gidan su Abene da na abokansa biyu, suka kwashe kwamfutoci. Ashe ba hannun yaran a ciki. Kuskure ne ƙarami a sabuwar manhajar da kamfanin ya ɗora wa cibiyoyinsa 114 na 4ESS. Wata cibiya a New York ta samu tangarɗa, ta sake tashi, ta aika wa maƙwabtanta saƙo cewa ta dawo. Wadda saƙonni suka iso mata a jere da sauri sai ta rikice ita ma ta faɗi, ta tashi ta kayar da wata, haka aka yi ta yi. Amma zargi ya riga ya kama. A watan Mayu aka yi samamen Operation Sundevil a birane da dama, aka kwashe kwamfutoci kusan 40.

Mai hankali zai ce lokacin laɓewa ya yi. Su kuwa lokacin ne suka fi zafafa wa juna. Abin da ya ƙara rura wutar, kamar yadda littafin da Michelle Slatalla da Joshua Quittner suka fitar a 1995 ya kawo, ya faru ne a wani layin hira inda mutane da yawa ke magana lokaci guda. John Lee, ɗan MOD mai laƙabin Corrupt, baƙar fata ne daga Brooklyn. Yana shiga layin, wani daga ɓangaren mutanen Texas ya jefe shi da kalmar cin mutuncin launin fata. Wannan wuri ya tsaya mini a rai. Yara ne da ke alfahari cewa a duniyarsu ba a ganin fuska, ilimi kawai ake dubawa, sai ga shi tsohon ciwon ƙasarsu ya biyo su har cikin waya.

Daga nan aka shiga ramuwa. A kira mutum tsakar dare a kashe, a sauya masa tsarin layinsa, a tono bayanan bashinsa da adireshin gidansa a karanta masa. Makaman duk na kamfanonin waya ne, masu kayan ba su ma san ana dambe a cikin gidansu ba.

A 1991 Goggans da wasu 'yan LOD suka ce sun tuba, suka buɗe kamfanin tsaron kwamfuta a Houston mai suna Comsec. Lee ya shiga cibiyar da ke kula da layin kamfanin ya riƙa sauraron wayoyinsu. Ka ga kamfanin da ke sayar da tsaro, ga maƙiyi zaune a kan layinsa. Comsec bai daɗe ba ya rufe. A nasu ɓangaren, hukumomi sun samu izinin kotu suka ɗana wa wayoyin 'yan MOD tarko, suna naɗar muryoyinsu da abin da kwamfutocinsu ke aikawa. Masu sauraron mutane, ana sauraronsu.

A Yulin 1992 aka gurfanar da mutum 5: Abene, Lee, Julio Fernandez, Paul Stira da Elias Ladopoulos, bisa kutse cikin kwamfutocin kamfanoni irin su Southwestern Bell da TRW mai ajiye bayanan bashin jama'a. Duk sun amsa laifi. Abene ya samu ɗaurin shekara 1, ya yi zamansa a Pennsylvania a 1994. Shi dai ya sha cewa kalmar "yaƙi" ƙarin gishirin masu gabatar da ƙara ne da 'yan jarida. A ganina yana da gaskiya rabi: ba a zubar da jini ba, amma gabar ce ta kai sunayensu teburin hukuma.

SS7 kuwa bai mutu ba. An gina shi ne a zamanin da kamfanonin waya 'yan kaɗan ne kuma sun amince da juna, don haka ba ya tambayar mai ba da umarni ko shi wane ne. Wayar salula ta GSM da ta shigo mana a 2001 ta gaji wannan tsari. A Disambar 2014, a wani taro a Hamburg, masu bincike Tobias Engel da Karsten Nohl suka nuna yadda wanda ya samu shiga SS7 zai iya gano inda mutum yake ko ya karkatar da saƙonninsa. A 2017 wani kamfanin waya a Jamus ya tabbatar ɓarayi sun bi ta wannan hanya sun tare lambobin sirrin da banki ke turowa ta saƙon tes, suka kwashe kuɗin mutane.

Sakatare