Daga maraƙin Milo zuwa jarkar ruwa: tarihin atisayen zagaye

Mai karatu, in ka taso a Gummi, Anka ko Bukkuyum, ka san cewa da kaka ake buɗe fagen dambe da kokawa. Ƙartin da ke shiga fagen nan ba su san gidan motsa jiki ba. Huɗa, noma, ɗaukar dami da jan guga su suka gina su. Yau kuwa da yawanmu a shago muke wuni, ko bisa babur, ko a ofis. Tsoka kuma in an daina sa ta aiki, zubewa take yi. To, yaya mutum zai tsara wa kansa abin da gona ke yi wa kakanninsa? Tarihi ya ba da amsa a mataki uku.

Na farko tsohon labari ne daga Girkawa. Milo ɗan kokawa ne na birnin Kroton, a kudancin Italiya ta yau, wanda ya yi zamani kusan shekara 2,500 da suka wuce, ya kuma ci gasar Olamfik sau shida. Ana cewa kullum yakan saɓa maraƙi a kafaɗa, yana girma yana ɗaukarsa, har ya zama bijimi. Ko da ƙari a labarin, darasinsa daidai ne: tsoka na ƙaruwa ne in ana ƙara mata kaya kaɗan-kaɗan.

Wanda ya mayar da wannan darasi lissafi shi ne Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka. A 1945 yana jinyar sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu, a lokacin da ake lallaɓa majinyata da nauyi marar yawa. Shi kuwa sai ya riƙa neman nauyin da soja zai iya ɗagawa sau 10 kacal, yana ƙarawa duk mako. A 1948, shi da Arthur Watkins suka daidaita tsarin zuwa zubi uku, kowane sau 10: rabin nauyin, sai kashi uku cikin huɗu, sai nauyin duka. Har gobe da shi ake aiki.

Mataki na uku a Ingila aka yi shi. A 1953, malamai biyu na Jami'ar Leeds, Morgan da Adamson, suna neman hanyar horar da ɗalibai da yawa a lokaci ɗaya. Sai suka jera tashoshi kamar 9 zuwa 12, kowace da irin motsinta. Kana gama wannan ka wuce ta gaba, ba dogon hutu. Hikimar ita ce, hannu na hutawa yayin da ƙafa ke aiki, amma zuciya ba ta samun sararawa, don haka ƙarfi da juriya suke tafiya tare. Kowane ɗalibi kuma da awonsa: a gwada iyakar abin da zai iya, ya riƙa yin rabinsa, ya zagaya sau uku. Wannan shi ne atisayen zagaye.

Ka ga ke nan ba sai da ƙarfunan zamani ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kuwa ka san nauyinta. Zaɓi motsi biyar da ba sa cin wuri ɗaya a jiki: tsugunno da miƙewa rungume da buhun yashi, dafa ƙasa kana ɗaga ƙirji, jan jarka daga ƙasa zuwa ciki, hawa da sauka a dakali, sai tafiya da jarka a kowane hannu. Ranar farko gwada iyakarka a kowane, ka rubuta. In sau 20 ka iya, 10 ne rabonka. Zagaya sau uku, ka duba agogo. Ranar da ka ji abin ya zama wasa, ƙara wa jarkar lita ɗaya ko biyu. Maraƙinka ke nan ya girma. Ke ma 'yar'uwa, tsakar gida ta ishe ki wannan.

Ka bar kwana ɗaya tsakani, domin a lokacin hutu tsoka ke gyara kanta. Da bazara a yi shi da sanyin safiya, a sha ruwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, kuma kada a riƙe numfashi wajen ɗaga nauyi, yana sa jini ya hau.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, har da tsofaffi. Dalilin ya wuce faɗin ƙirji. Tsoka ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke cikin jini, ita ce kuma za ta tashe ka daga tabarma ba tare da an kama ka ba ranar da furfura ta cika kai.